A bar Buridan ya huta da rigar Tarski

Wata ɗabi'a ta masu binciken tarihin mantiƙi tana ci mini tuwo a ƙwarya: da sun buɗe littafin Buridan, malamin jami'ar Paris a ƙarni na 14, sai su ce ai Tarski ne ya zo da wuri. E, akwai kama. Buridan ya ce hujja tana inganta ta fuskar siga idan ta tsaya daram ko an sauya kalmominta, abin da Tarski ya gyara ya gina a kansa a 1936.

Amma a wurin Buridan, jimla ba ta wanzu sai an furta ta, an rubuta ta ko an ƙulla ta a zuci. Gwada wannan: rubuta a allo cewa duk jimlolin duniya a rubuce kawai suke, sannan ka faɗi natijar da baki, wato babu jimlar da aka furta. Hujjar lafiya lau take, amma buɗe bakinka ya ƙaryata natijar! Shi ya sa Buridan ya ƙi dogara da gaskiyar jimla, ya koma duba ko al'amura suna yadda jimlar ta nuna. Tarski bai gamu da wannan matsalar ba, kuma ita ake jefarwa idan aka haɗe su.