Tsokaci a kan Kalmar "Ɗashewa" a Darasin Launuka

A cikin darussan da muka nazarta na masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, mun tarar an jera kalmar "ɗashewa" a babin launuka, an kuma fassara ta da "yin fari". A ganinmu wannan kuskure ne, domin ɗashewa ba launi ba ce.

Idan Bahaushe ya ce wance fara ce, halittarta yake faɗa, sau da yawa ma yabo ne. Amma in ya ce "ta rame ta ɗashe", to labarin ciwo yake bayarwa: jini ya ja baya, hasken fata ya dushe, leɓe ya yi fari fat. Baƙin mutum yakan ɗashe, farin ma haka. Zabiya kuwa ba a cewa ya ɗashe, tunda haka aka haife shi, bai rasa komai ba.

Ƙirar kalmar ma shaida ce. "Ɗashe" aikatau ne ɗan aji na 4 a rabon da Parsons ya yi a 1960, ajin su "bushe" da "ƙone", masu nuna cewa abu ya kai matuƙa. 'Yar'uwarta ta kusa ita ce "koɗe", sai dai wannan ta fi zama a kan tufafi, kamar atamfar da rana da wanki suka cinye. In aka jingina ta ga mutum, musamman mai shafe-shafen man bilicin, akwai zambo a ciki. Ɗalibin da ya je dubiya ya ce wa majinyaciya ta koɗe ya yi ɓaranɓarama.

Abin da ya fi damun mu shi ne, cikin masu koyon nan akwai waɗanda za su yi aikin asibiti a ƙasar Hausa. Tsarin kula da cututtukan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tanadi a duba tafin hannun yaro don gano ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini kan haddasa. Ma'aikacin da ya tambayi uwa ko ɗanta fari ne, amsar launin fata zai samu. In ya ce "Yaushe kika ga ya fara ɗashewa?" sai ta ƙirga masa kwanaki.

Don haka muna ba da shawarar a mayar da kalmar babin lafiyar jiki, kusa da "rama" da "kumburi", a kuma koyar da ita tare da amsa-kama "fayau".