Tsibi Geva da rawanin Falasɗinawa a kan allon zane

Zanen da ba ya kwaikwayon siffar mutum, dabba ko gari ya kafu a Isra'ila ta hannun ƙungiyar Ofakim Hadashim, wadda aka kafa a 1948 da Yosef Zaritsky a kan gaba. Burinsu su yi kafaɗa da masu zanen Paris: launi da haske zalla, babu wa'azin siyasa. Mahukunta ba su yi maraba da hakan ba. A baje kolin cikar ƙasar shekara 10 a 1958, Firayim Minista David Ben-Gurion ya sa aka kawar da babban zanen Zaritsky daga inda ya fi jan ido.

'Yan baya sun juya akalar, kuma Tsibi Geva ne ya fi fito da juyin fili. An haife shi a 1951 a ƙauyen haɗin gwiwa na Ein Shemer, dab da garuruwan Larabawa na Wadi Ara. Daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin boren Intifada na farko, ya duƙufa kan abu biyu: saƙar kufiyya, rawanin nan na Falasɗinawa, da daɓen tarazo. Daga nesa, zanen kufiyyar baƙaƙen layuka ne da suka sarƙe kan farin fage. Idan aka matso sai a ga fenti ya dalalo, layin ya karkace, saƙar ta rikiɗe ta zama shingen waya ko ƙarfen taga. A baje kolin Venis na 2015, inda ya wakilci Isra'ila, ya lulluɓe ginin rumfar ƙasarsa da tsofaffin tayoyin mota.

Wannan salo ya fi na farko gaskiya, domin a ƙasar da ake rikici kan kowane taƙi, da'awar cewa launi ba shi da ɓangare ba ta da ƙarfi. Sai dai akwai abin dubawa. Kufiyya ta masu ita ce, kuma idan ta hau bangon gidan tarihi a Tel Abib, mai kuɗi na iya saye ya rataye a falo don kyan saƙar kawai. Ayyukan Geva da suka tsira daga wannan su ne masu kaushi, waɗanda fentinsu ya yi dumu-dumu har ba sa zama kayan ado. Waɗanda suka fito tsaf-tsaf kuwa sun fi kusa da Zaritsky fiye da yadda masu yabon Geva ke so a faɗa.