Gwanin Haɗa Baje Kolin Kimiyya

Makonni kafin a jera tebur ko ɗaya, malamin kimiyya ya riga ya fara aikin baje kolin. Zama yake yi da 'yan aji huɗu da na biyar, ya tambaye su abin da suke son sani. Yawanci yaro cewa zai yi shi jirgi mai saukar ungulu zai ƙera da kwali. Gwanin malami ba ya gwale shi, sai dai ya lallaɓa shi zuwa ga abin da za a iya aunawa.

A Sabon Garin Wudil kuwa, abin aunawa a bakin ƙofa yake. A ɗebo ruwan kogi da damina lokacin da ya yi jajir, a cika kwalabe biyu. A daka ƙwayar zogale a zuba a ɗaya, ɗayar a bar ta yadda take, sannan a zuba ido a ga wacce laka za ta fara kwantawa a cikinta. Wannan kwalbar da ba a taɓa ba, a kanta malamin ya fi nacewa, domin in babu ita yaron ba shi da hujjar cewa zogalen ne ya yi aiki. Wata ɗalibar kuma zoɓo za a ba ta: ta ɗiga lemon tsami ya ƙara ja, ta zuba ruwan kanwa ya juye ya yi kore-kore. Ga darasin sinadarai nan an yi shi da cefanen gida.

Akwai kuma tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Haɗa ta ba wuya. Inda malamin yake matsa wa yara shi ne su auna zafin cikinta safe da rana, su rubuta a littafi, su ƙirga kwanakin da tumatir ya yi bai lalace ba, su gwada da wanda aka bari a faranti.

Abin da ya fi burge ni a wurin irin wannan malami shi ne haƙurin naɗe hannu. Yana kallo yaro ya haɗa waya a baibai, amma ba zai karɓa ya gyara masa ba.

Sauran lissafin na sanin gari ne. Ba a sa ranar a Juma'a, ranar da kasuwar shanu ke ci, gari ya cika ya batse. Ba a kai ta lokacin WAEC da NECO. Duk aikin da sai da wutar NEPA zai tashi, a nema masa batir ko a haƙura da shi. In da hunturu ne, a tanadi duwatsun danne takardu.

Alƙalai ma ba nisa za a je nemansu ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda aka kafa a 2001, tana nan cikin gari, kuma jihar da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977 ba ta rasa tsofaffin hannu. Malamin yakan ja su gefe tun da safe ya roƙe su kada kyan fenti ya ɗauke musu hankali, kuma duk yaron da Turanci ya sarƙe masa a bar shi ya yi bayani da Hausa. Tambayoyin da za su yi ba su da yawa: "Sau nawa ka gwada? Me ya ƙi yi? Ina ka rubuta?" Ɗalibin da wani yayansa ya ƙera masa a gida, a ta biyun yake fara sosa ƙeya.