Dokta Yusufu Bala Usman da Binciken Tushen Fitina

Dokta Yusufu Bala Usman (1945–2005), malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya daɗe yana binciken tushen fitina. A littafinsa na 1987 kan yadda ake wasa da addini a Nijeriya, ya nuna masu neman mulki da dukiya ke hura wutar, talaka kuwa shi ke ƙonewa. Hujjarsa lalle tana da ƙarfi. Amma fa littafin ya fi bayyana yadda faɗa ke tashi bisa yadda ake kashe shi. Malamin da ke koyarwa a Tambuwal ko Kebbe sai ya haɗa da labarin Lafiyar Toga, watau sulhun Kabawa da Sakkwato wajen 1867, gama kakannin almajiransa sun ga yaƙin nan, sun kuma ga kwanciyarsa.