Gwanin da ke gudu da baya a cikin teku

Kifi da jela yake iyo, amma sikwid da danginsa, wato oktofus da katilfish da notilus, sun bi wata hanya daban. Ba su da ƙashin baya, ba su da jelar kaɗawa. Ruwan da suke ciki shi suke zuƙa su feso, feshin kuma ya tura su.

Jikin sikwid buhu ne na tsoka, dogo mai tsini, kai da hannaye goma suna leƙowa daga bakinsa. Aikin buhun irin na zugazugin maƙeri ne. Idan ya buɗe, ruwa ya kwararo ciki ta gefen wuya. Sai ƙofofin wuyan su rufe gam, tsokokin da suka kewaye buhun su matse, ruwan ya rasa mafita sai wani ɗan bututu da ke ƙarƙashin kai. Ruwa ya yi gaba da ƙarfi, sikwid ya yi baya, tsinin jiki na tsaga masa hanya. Bututun kuwa lanƙwasuwa yake yi. In abinci sikwid ya hango, sai ya karkata bututun baya ya afka gaba. In maƙiyi ne, ya watsa masa tawada ta wannan bututun dai, ya ɓace. Ruwan da ya zuƙa kuma shi ke wanke gaɓoɓin numfashinsa, don haka tafiya da shaƙar iska aiki ɗaya ne a wurinsa.

Gwanintar ta gaske tana wajen daidaita lokaci. In ɓangaren buhun da ke kusa da kai ya riga na can ƙarshe matsewa, feshin ya raunana. Maganin wannan shi ne wasu manyan jijiyoyi masu kai saƙo, waɗanda kaurinsu kan kai milimita ɗaya. Saƙo ya fi sauri a jijiya mai kauri, kuma wadda za ta yi tafiya mafi nisa ita ce mafi kauri, saboda haka umarni kan isa ko'ina kusan lokaci guda, buhun ya matse baki ɗaya. Masanin Ingila J. Z. Young ne ya fayyace aikin jijiyoyin a shekarun 1930. A kansu Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka yi bincike a Plymouth, suka gano yadda saƙon lantarki ke bin jijiya, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1963.

Sai dai wannan gudu yana da tsada. Feshi ya fi kaɗa jela cin ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa kowanne cikin dangin ya nemi hanyar tattali. Sikwid kan yi tafiyar yau da kullum da fikafikan gefen jikinsa, ya ajiye babban feshi sai ta ɓaci. Katilfish na da wani ƙashi mai ramuka a ciki, yana ƙara ruwa ko ya rage don ya tsaya cak a zurfin da yake so. Oktofus zuciya uku gare shi, kuma babbar takan dakata in yana iyo, don haka ya fi son rarrafe a ƙasan teku.

Wasu sikwid kuwa har sama suke kaiwa. A 1947 Thor Heyerdahl da abokan tafiyarsa a kwalekwalen Kon-Tiki sun riƙa tsintar ƙananan sikwid a kan kwalekwalen a tekun Fasifik. A 2013 masana daga Jami'ar Hokkaido ta Japan suka bayyana yadda abin ke faruwa: sikwid ya fito daga ruwa da ƙarfin feshi, ya ci gaba da fesowa a iska, ya baje fikafikai da hannaye, ya yi kusan mita 30 cikin daƙiƙa 3 kafin ya naɗe su ya nutsa. Kifin da ya biyo shi sai dai ya nemi wani abincin.