Aƙidar "Faɗuwa da Wuri" a Ma'aunin Gandu da Gayauna

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi nazarin wata aƙida da ta zo mana daga Amurka tare da sababbin kamfanonin fasaha, wadda za mu kira "faɗuwa da wuri", ta kuma auna ta da ma'aunin da manomin ƙasar Mashi ya daɗe da sani.

Asalin kalmar daga injiniyoyin kwamfuta ne. A shekarar 1985 Jim Gray ya bayyana cewa ya fi kyau kowane sashe na na'ura ya yi aikinsa daidai, in kuwa ya sami matsala ya tsaya nan take, kada ya ci gaba yana ɓata sauran. Daga baya 'yan kasuwa suka ari wannan tunani, kuma littafin Eric Ries mai suna The Lean Startup, na 2011, ya taimaka wajen yaɗa shi. Abin da Ries yake nufi mai sauƙi ne: a fitar da ɗan ƙaramin samfur, a ga yadda masu saye za su karɓe shi, in bai karɓu ba a sauya hanya tun jari bai ƙare ba. Watau dai gwaji ake nufi, kuma gwaji mai araha.

To, in haka ne, ba baƙon abu aka kawo wa Bahaushe ba. Duk wanda ya san noma a Mashi ya san bambancin gandu da gayauna, bambancin da Polly Hill ta yi dogon bayani a kansa a littafinta Rural Hausa na 1972, bisa binciken da ta yi a Ɓatagarawa. Gandu shi ke ciyar da gida, gayauna kuwa 'yar gonar da mutum ke nomawa don kansa. In aka kawo sabon irin gero ko wake, manomi mai hankali yakan ware masa 'yan kunyoyi a gefen gona ko a gayauna. In ya yi kyau, baɗi a faɗaɗa. In ya ƙi, rumbu bai san an yi ba. Ba ya taɓa jefa gandu duka cikin gwaji, domin damina ɗaya ce a shekara, ba kamar manhajar kwamfuta ba da ake iya gyarawa kowane mako.

Raunin littafin Ries, a ganina, shi ne bai tsaya sosai kan tambayar wa ke ɗaukar asara ba, saboda a inda aka rubuta shi amsar a fili take. Mai zuba jari a Kalifoniya yakan rarraba kuɗinsa a kamfanoni da yawa, da sanin cewa mafi yawansu za su mutu, ɗaya ko biyu su mayar masa da riba. Doka kuma ta raba bashin kamfani da dukiyar mai shi. Nijeriya ma tana da irin wannan tanadi a dokar kamfanoni ta 2020, kuma a watan Oktoba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu a dokar sababbin kamfanonin fasaha. Amma saurayin da ya buɗe shagon cajin waya a kasuwar Mashi, ba daga can jarinsa ya fito ba. Kwasar adashin mahaifiyarsa ce, ko kuɗin ragon da aka sayar, ko amanar ubangida. In ya karye, babu dokar da za ta raba shi da ido da ido da mai kuɗin a masallaci da wurin suna.

Ko a can ma an ja da baya. Kamfanin Facebook, wanda ya shahara da taken gaggawa ko da za a yi ɓarna, ya sauya taken a 2014. A gida kuwa, kamfanin 54gene ya tara kimanin dala miliyan 45 daga kafuwarsa a 2019 zuwa rufewarsa a 2023; wanda duk ya kira wannan faɗuwa da wuri ya ɓata ma'anar, don ba wuri a ciki, ba kuma araha.

Saboda haka malaman da ke koyar da darasin dogaro da kai a jami'o'inmu da kwalejojinmu, kafin su miƙa wa ɗalibi wannan kalma, ya kamata su tambaye shi abu biyu: nawa gwajin zai ci, kuma kuɗin wane ne. Ɗalibin da amsarsa ita ce zai jinginar da gonar gado, gandu ya ɗauko, kuma littafin Ries bai yi magana da shi ba.