Gidan Tarihin Kanta na Argungu: Yabo da Gyara

Sau da yawa idan ana zancen adana tarihi a ƙasar Hausa, hankalinmu kan tafi Gidan Makama na Kano ko Gidan Arewa na Kaduna. Amma akwai ƙananan garuruwa da suka tashi tsaye don kada tarihinsu ya salwanta. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan ɗaya daga cikinsu, wato Argungu, da gidan tarihinta mai sunan Kanta.

Gidan dai tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce. Sun zauna cikinta har 1942 da aka koma sabuwar fada, sa'an nan a 1958 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi. An raɗa mata sunan Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga mulkin Askiya na Songhai wajen 1516, ya kafa daularsa da babban birni a Surame. A ciki an tara masu da takubba da kwari da baka da layu da tambura da sauran kayan sarauta.

Abin yabo na farko shi ne gidan ya ba Kabawa bakin magana. Ɗalibin da ke neman labarin Kabi na ƙarni na 19 yakan fara ne da littattafan shugabannin jihadi, kamar Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo. Littattafai ne masu daraja ƙwarai, amma waɗanda suka ci Birnin Kabi a 1805 su ne suka rubuta su. Kabawan da suka koma Argungu, suka kuma ɗaga tutar tawaye ƙarƙashin Yakubu Nabame a 1849, nasu labarin ya fi zama a bakin dattawa da makaɗa da kuma kayan yaƙin nan. Alƙali ba ya yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, haka ma manazarcin tarihi.

To, amma akwai wurin gyara. Gidan da aka kafa a fada, tarihin fada zai fi bayarwa. Mai ziyara zai fita da sunayen sarakuna da yaƙoƙinsu, alhali Kabi ba da takobi kaɗai ta rayu ba. Ta rayu da su da noman shinkafa a fadama. Homa da gora ana iya rataye su a bango, amma kirarin masunta, da sanin Sarkin Ruwa game da kogin Matan Fada, da ma'anar gyaran ruwa da fashin ruwa, ba sa ratayuwa. Suna cikin kawunan tsofaffi, kuma duk tsohon da ya rasu ya tafi da nasa kason.

Wani zai ce ai bikin kamun kifi ya ɗauke wannan nauyi, tun da har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Gaskiya ne bikin ya fito da sunan garin. Sai dai 'yan kallo nawa ne suka san cewa ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu don ƙarfafa sulhu bayan tsohuwar gaba? Mai kallo yana ganin giwan ruwa, ba ya ganin sulhun. Aikin masu adana tarihi ne su haɗa masa biyun.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na ɗaya, a riƙa ɗaukar muryoyin dattawa da masunta da makaɗa, a adana su kusa da kayan. Na biyu, a rubuta su da karin harshensu na Kabi, kada a mayar da su Hausar Kano da sunan daidaitawa, don karin ma tarihi ne. Na uku, a rubuta bayanin kowane kaya da Hausa, boko da ajami, yadda mutumin gari zai karanta da kansa.

Daga ƙarshe, ƙalubalen yana kanmu, mu ɗaliban Hausa. Kowannenmu yana da garinsu, kowane gari kuma yana da tsofaffinsa. Hutu mai zuwa, kafin mu nemi batun kundin digiri a ɗakin karatu, mu fara nemansa a zauren unguwa.